Rangwamen juyen mai a garejin dila a Amurka: a je ko kada a je?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina zaune a Columbus, jihar Ohio a Amurka. Ina da Toyota Camry ƙirar 2019 mai silinda huɗu, ta hannu na saya, yanzu ta ci mil dubu 62. Da ita nake zuwa aiki, ƙarshen mako kuma ina ɗan taɓa Uber. Dilan Toyota na kusa da mu ya aiko mini takardar rangwame ta gidan waya, wai juyen mai dala 49.95, alhali a wuraren juye na bakin titi abin da ake caja ta ya fi haka. Abokaina sun ce kada in kuskura, dila ba ya araha, tarko ne. Gaskiya ne? Idan kuma ba tarko ba ne, yaya mutum zai riƙa samun irin wannan ragi a kai a kai?"

Wa alaikumus salam, Malam. Abu biyu kake son sani: ko farashin da ke jikin takardar shi ne za ka biya idan an gama, da kuma hanyar da za ka bi kada ka riƙa biyan cikakken kuɗi duk lokacin da juye ya zo. Amsar a taƙaice ita ce rangwamen gaskiya ne, kuma sau da yawa juye a wurin dila da takarda ya fi na bakin titi sauƙi. Abokanka ma ba ƙarya suka yi ba, domin mutane da yawa sun shiga da niyyar kashe dala hamsin sun fito sun kashe ɗari huɗu. Abin da ya raba wanda ya ci riba da wanda aka ci riba a kansa shi ne sanin abin da littafin motarsa ya ce, da iya cewa a'a cikin mutunci.

Dalilin da dila ke karya farashi

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Babban kaso na ribar dila a Amurka daga gareji da sayar da kayan gyara yake fitowa, ba daga sayar da sabuwar mota kaɗai ba. Shi juyen mai ribarsa ƙarama ce. Idan ka haɗa kuɗin baƙin mai kwat biyar (kwat ma'aunin Amurka ne, kusan lita ɗaya) na sintetik, wato man da aka haɗa a masana'anta, da filta, da ladan yaron da zai yi aikin, dala 49.95 da ƙyar take rufe su. Dila ya san da haka, kuma ya yarda, saboda abin da yake nema shi ne motarka ta hau injin ɗagawa. Da zarar ta hau, za a duba birki, tayoyi, batir, filtar iska, ruwan lagireto, a kawo maka jerin abubuwan da ake ganin sun kamata a yi. A nan kuɗin yake. Ma'aikacin da ke karɓar mota a teburi, wanda shi ne zai yi magana da kai ba bakaniken ba, a wurare da yawa wani ɓangare na albashinsa kamasho ne a kan aikin da ya sayar.

Akwai dalili na biyu. Mota irin taka, mai shekaru da garantinta ya ƙare, ita ce wadda dila ya fi rasawa, domin masu su sukan koma garejin unguwa. Shi ya sa takardun rangwame suka fi zuwa wa masu tsofaffin motoci da waɗanda suka daɗe ba su leƙa ba. Kuma wanda yake zaune a ɗakin jira yana kallon sababbin motoci duk bayan wata shida, wata rana zai tambayi farashi.

Babu haramun a cikin wannan, ciniki ne. Kai ma ka je da lissafinka.

Ƙananan rubutun da ke ƙasan takardar

A nan nake so ka fi tsayawa, domin a nan dala 49.95 take zama 80. Ɗauko takardar ka duba abubuwan nan.

Na farko, irin man. Takardu da yawa farashin da suka rubuta da manyan lambobi na man gargajiya ne ko na gauraye, rabi sintetik rabi ba sintetik ba, sai a ƙasa a ce cikakken sintetik da ƙarin kuɗi. Injin motarka, mai lita 2.5 da Toyota ta fara sa wa Camry daga 2018, mai lamba 0W-16 yake sha (lambar tana nuna kaurin man), kuma za ka ga an rubuta a murfin wurin zuba mai. Wannan mai sintetik ne, babu na gargajiya a irinsa. Littafin motar ya yarda a zuba 0W-20 idan ba a samu 0W-16 ba, da sharaɗin a koma 0W-16 a juye na gaba. Wasu takardun 0W-20 kaɗai suka ƙunsa, 0W-16 kuma sai ka ƙara. To ka tambaya da lambar man, kada ka ce "sintetik" kawai.

Na biyu, yawan man. Kusan kowace takarda tana da iyaka, galibi kwat biyar. Kwat ɗaya ya ɗan gaza lita ɗaya, mililita 946 ne. Kai ka tsira a nan, domin injinka kwat 4.8 yake ci har da filta. Amma ga mai karatu da ke da Chevrolet Silverado mai injin lita 5.3, kwat takwas take sha, uku na sama za a caje shi ɗaya bayan ɗaya a farashin dila, wanda ya ninka na kanti. Masu dizal da motocin Turai irin BMW, Mercedes da Volkswagen yawanci ma an cire su daga takardar gaba ɗaya, saboda mansu yana da ƙa'idar kamfani ta musamman.

Na uku, kuɗaɗen da ake maƙalawa a ƙarshe: kuɗin kayan gareji, wato tsumma da safar hannu da feshin wanke birki, wanda wasu ke lissafawa da kaso na jimillar aiki, sai kuɗin zubar da tsohon mai, sai harajin jiha. Kowanne ƙarami ne, amma a haɗe suna iya kai dala goma ko fiye. A ce takarda 49.95, ƙarin 0W-16 dala 15, kuɗin gareji da na zubarwa dala 8, haraji dala 5, ka ga an doshi 78. Misali ne na kawo, lambobin dilanka za su bambanta, amma haka tsarin yake tafiya.

Sai sauran sharuɗɗa: ranar ƙarewa, ba a haɗa ta da wani rangwamen, sai an nuna ta lokacin da ake rubuta aikin ba lokacin biya ba. Wannan na ƙarshe yana kama mutane sosai. Idan an riga an buga takardar aiki da cikakken farashi ka sa hannu, sai daga baya ka fito da rangwame a wurin mai karɓar kuɗi, suna iya ƙi, kuma suna da hujja.

Maganin duk wannan kiran waya ɗaya ne kafin ka fita daga gida. Ka ce ga motata, ga shekararta, ga takardar da kuka aiko, nawa zan biya gaba ɗaya har da haraji, kuma wane mai za ku zuba? Ka rubuta sunan wanda ya amsa da adadin da ya faɗa. Ka kuma tambaya ko akwai juya tayoyi a ciki, wato sauya wa tayoyin gaba da na baya wuri don su ci daidai, domin takarda mai dala 65 da juya taya ta fi mai 50 da babu.

Inda ake samun ragin

Shafin intanet na kowane dila yana da ɓangaren rangwamen gareji, kuma galibi a farkon wata ake sabunta shi. A gari kamar Columbus dilan Toyota ba ɗaya ba ne, kowanne kamfani ne mai zaman kansa da farashinsa, don haka ka duba biyu ko uku. Da yawansu suna karɓar takardar abokin gasarsu idan ka nuna, wasu ma sun rubuta hakan a shafinsu. Ka ba su imel ɗinka da lambar waya, ka kuma yi rajistar motar a manhajar Toyota da lambar jikinta mai haruffa da lambobi 17, ko da ta hannu ka saya. Idan ka yi wata bakwai ko takwas ba ka je ba, sau da yawa takardar da za ta zo ta fi ta baya sauƙi, domin kwamfutarsu ta sa ka cikin waɗanda suke neman dawo da su.

Idan babu takarda ko ɗaya, ka tambaya da baki. Mai karɓar mota yakan iya saka rangwamen wannan watan da kansa, amma ba zai yi wa wanda bai nema ba. Akwai kuma ragin sojoji, ɗalibai, dattawa, wani lokaci da na direbobin Uber da Lyft, wanda ya shafe ka kai tsaye.

Hanya ta gaba ita ce sayen juye uku ko huɗu a dunƙule, ka biya gaba ɗaya a farashi mai sauƙi. Ga wanda ke cin hanya kamarka wannan yana da amfani, amma da tambayoyi uku: yaushe zai ƙare, a wannan dilan kaɗai yake aiki ko a kowane dilan Toyota, kuma idan ka sayar da motar ko ka ƙaura wata jiha za a mayar maka da ragowar? Kunshin da dila ya ƙirƙira da kansa yawanci a ƙofarsa yake tsayawa. Irin wanda ake cusa wa mutum cikin bashin mota ranar saye kuwa ba na ba da shawararsa, domin za ka yi shekara biyar kana biyan kuɗin ruwa a kan baƙin mai. Haka alkawarin juye kyauta muddin motar na hannunka: ka karanta sharaɗin, sau da yawa dole ne ka yi duk sauran sabis a wurinsu kan lokaci, ka tsallake ɗaya alkawarin ya warware.

Ga masu sabuwar mota, su fara duba abin da suka riga suka biya. Sabuwar Toyota tana zuwa da ToyotaCare, sabis kyauta na shekara biyu ko mil dubu 25, duk wanda ya riga zuwa. Chevrolet na ba da zuwan farko kyauta cikin shekarar farko. BMW na ba da shekara uku ko mil dubu 36. Kamfanoni suna canza waɗannan tsare-tsare daga shekara zuwa shekara, sai a duba na ƙirar da aka saya. Kai naka ya daɗe da wucewa. Ford kuma yana da garejin Quick Lane da ke karɓar kowace irin mota, da kunshin da suke kira The Works wanda ya haɗa juye da juya taya da duba birki da batir. Amma ga Camry mai 0W-16 na fi son ka tsaya wurin Toyota, inda wannan man yake cikin tanki kullum.

A gaban teburi

Bayan minti talatin ko arba'in za a zo maka da takarda, ko a turo maka bidiyo a waya, an yi wa kowane abu launi: kore lafiya lau, rawaya a sa ido, ja a gyara yanzu. Ka karɓa, kyauta ce kuma tana da amfani. Abin da ba a so shi ne ka amince da komai a tsaye saboda kunya ko tsoro.

Ka nemi lamba a madadin launi. Idan an ce birki, ka ce milimita nawa ya rage? Sabon takalmin birki yana kai milimita 10 zuwa 12, ana canzawa idan ya sauko wajen 3. Wanda ke kan 5 ko 6 yana da sauran tafiya, ko da an shafa masa rawaya. Idan taya ce, ana auna zurfin zanenta da kashi 32 na inci: 2 shi ne iyakar doka a yawancin jihohi, amma a wurin da ake dusar ƙanƙara kamar Ohio kada ka bari ta gaza 4 kafin hunturu. Idan batir ne, na'urar gwaji tana buga sakamako, ka ce a nuna maka.

Filtar iskar inji littafin Toyota ya sa ta a kowane mil dubu 30, don haka a dubu 62, idan ba a canza ta a dubu 60 ba, lokacinta ya yi. Ita da filtar iskar cikin mota, wadda ke bayan akwatin gaban fasinja, aiki ne na minti biyar ba tare da ko sifana ba. Ka saya a kanti ka sa da hannunka, za ka biya ƙasa da rabin abin da za a caje ka. Ruwan lagireto na asali, mai launin hoda, canjinsa na farko sai mil dubu 100 ko shekara goma. Fulogi sai dubu 120. Duk wanda ya ce ka canza waɗannan yanzu, ka tambaye shi me ya gani, domin littafi bai ce ba.

Abubuwa biyu da aka fi tallatawa kuma na fi ƙi su ne wanke cikin inji da sinadari da kuma wanke hanyar fetur. Injin da ake yi wa juye kan lokaci ba ya buƙatar na farko, kuma a injin da ya tara dauɗa sinadarin na iya ɓamɓaro ta ta toshe ragar famfon mai. Na biyun ana sayar da shi da hujjar cewa injinan zamani masu fesa fetur kai tsaye cikin silinda suna tara baƙi a kan bawul. Hujjar gaskiya ce ga wasu motoci, amma injinka yana da mafesai iri biyu, na kai tsaye da na bayan bawul, kuma na biyun yana wanke bawul ɗin da fetur. Idan motar ba ta rawa, ba ta kunna fitilar inji ba, ka bar kuɗinka a aljihu. Iskar naitirojin a taya ma haka.

Man giya shi ne inda nake sassautawa. Ga motar da ke yawan tsayawa da tashi a cikin gari, zubar da abin da ya sauko a cika da sabo mai lamba WS a wajen mil dubu 60 abu ne mai kyau a ganina, kuma aiki ne da ya dace da dila ko garejin da ya san Toyota, domin giyar ba ta da gejin tsomawa, sai an daidaita yawan man a wani zafi na musamman. Amma ka ce a ba ka farashi a rubuce, ka je gida ka kwatanta, ba lallai a ranar ba. Man birki kuma yana jan danshi, canza shi duk shekara uku ba asara ba ce.

Jimlar da za ka riƙe ita ce: yau juye kawai, ku rubuta mini sauran in duba. Babu mai jin haushi, kullum suna jin ta.

Wani amfani da dila ke da shi wanda na bakin titi ba shi da shi: idan kamfani ya yi kiranye, wato ya ce a dawo da motoci a gyara wani lahani, gyaran kyauta ne kuma dila ne ke yi. A 2020 Toyota ta yi kiranye a kan famfon fetur wanda ya shafi wasu Camry na 2018 da 2019. Tunda ta hannu ka saya, ka sa lambar motar a shafin NHTSA, hukumar kula da kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, ka ga ko an yi mata, ko ka ce su duba ranar da ka je.

Kafin ka bar harabar

Rangwame ko cikakken farashi, wanda ke yin juye a layin gaggawa galibi shi ne mafi ƙarancin gogewa a garejin, kuma ana lissafa masa lokaci. Kurakuran da ake samu sanannu ne. Notin zubar da mai na motarka ana ɗaure shi da ƙarfin niyuton-mita 40, da sabon wasa, wato ɗan zoben da ke ƙarƙashin notin, kowane juye. Idan aka maimaita tsohon wasa sai ya riƙa ɗiga, idan aka matse fiye da kima sai zaren ya cinye, wata rana a ce maka kaskon mai gaba ɗaya za a canza. Wani lokaci robar tsohuwar filta takan maƙale a jikin inji, a ɗaura sabuwa a kanta, robobi biyu ba sa riƙe matsi, mai ya tsiyaye a kan hanya cikin mintuna. Ana kuma cika mai ya wuce, ko a manta murfi, ko a mayar da marfin roba na ƙarƙashin mota da rabin ƙusoshinsa.

Don haka ka ja motar gefe a wuri mai daidai, ka kashe, ka jira minti biyar. Buɗe bonet, tabbatar murfin mai yana ɗaure, zaro geji ka goge ka mayar ka sake zarowa: man ya tsaya tsakanin ɗigo biyu, kusa da na sama. Sabon 0W-16 ruwa-ruwa ne kuma da ƙyar ake ganin launinsa a geji, sai ka karkata gejin a haske kafin ka gan shi. Leƙa ƙasa ko akwai ɗiga, washegari ma ka duba inda ta kwana. Duba rasit ka ga lambar man da yawan kwat an rubuta, ka ga an share tunatarwar sabis a dashbod. Idan fitilar mai ja ta kama a hanya, ka tsaya nan take ka kashe inji, ka kira su su aiko a ɗauka. Kada ka ce bari in lallaɓa in koma.

Tazarar juye da batun garanti

Littafin motarka ya ce mil dubu 10 ko shekara ɗaya a tuƙi na yau da kullum, amma mil dubu 5 ko wata shida idan ana yawan barin inji yana aiki a tsaye, ko tafiya a hankali irin ta tasi da kai saƙo gida-gida, ko gajerun tafiye-tafiye cikin tsananin sanyi. Uber da hunturun Ohio sun sa ka a rukuni na biyu, ko kusa da shi. Ni dubu biyar zan ce ka riƙe. 'Yar takardar da ake mannawa a gilashi wani lokaci tana cewa dubu uku, wannan lissafin zamanin man gargajiya ne, rangwamen da ya sa ka yi juye sau biyu inda ɗaya ya isa bai rage maka komai ba. Kuma al'adar gida ta zuba mai kauri irin 20W-50 don wai ya fi riƙe inji, kada ka kawo ta kan wannan motar. Hanyoyin man cikinta sirara ne, na'urar da ke sarrafa lokacin bawul da matsin mai take aiki, ga sanyin da mai kauri ba ya gudu a cikinsa da safe.

Ga masu motar da ke cikin garanti, dokar tarayya ta Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani ya tilasta maka yin sabis a wurinsa ko da kayansa kafin ya mutunta garanti, sai dai in kyauta yake bayarwa. Kana iya yi a ko'ina, ko da kanka, muddin man ya cika ƙa'idar littafi kuma ka ajiye rasit da kwanan wata da adadin mil. Sai dai juyen dila yana shiga kundin Toyota, galibi kuma ya fito a rahoton Carfax, kamfanin da ke tattara tarihin motoci, kuma wannan yana ɗaga darajar mota ranar sayarwa, ko a nan ko idan za a loda ta jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano, inda masu saye yanzu suke duba tarihin mota da lambarta.

Ban ga takardarka ba, ban kuma ga motar ba, farashi kuma yana bambanta daga gari zuwa gari. Ma'aunin da zan ba ka shi ne wannan: idan jimillar da suka faɗa maka a waya, da 0W-16 da filtar Toyota da haraji, ba ta wuce abin da kake biya a bakin titi ba, ka je, ka nemi layin farko na safe a tsakiyar mako don kada ka yi awa biyu a zaune. Idan ta wuce da dala goma ko sha biyar amma akwai juya taya a ciki, har yanzu ka je. Idan suka ƙi faɗa maka jimilla a waya, ka kira dila na gaba.